Na ce wa Kakata hisabi nake koyo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure mai albarka, barkanmu da war haka, ya gida ya iyali, ya kuma haƙuri da wannan rayuwa da muke ciki. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, ko harafin farko kar a bari, akwai 'yan garinmu a nan kuma na san su da bin diddigi. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi min faɗa, faɗan ma na san na ci a yi min shi.

Ni ɗaliba ce ina ajin ƙarshe na sakandare. Mu 'yan Gude ne ta Kabo, can Baba da Umma suke, ni kuma ina Gwarzo wajen kakata wadda ta haifi Umma saboda makaranta. Baba ba wai ƙin boko yake ba, abin da ba ya so shi ne 'ya mace ta yi nisa da idonsa, da na gama ƙaramar sakandare ya ce ya isa haka. Kaka ce ta aika masa ta ce a turo mata ni, kun san tsakanin mutum da surukarsa, ko ido ba ya iya haɗawa da ita balle ya ce mata a'a. Ya turo ni amma da sharaɗi, ya ce duk ranar da ya ji wata magana a kaina, komai ƙanƙantarta, ranar zan haɗa kayana in koma gida. Baba na'ibin liman ne a garinmu, lokacin da aka ƙaddamar da shari'a yana saurayi, yana cikin waɗanda suka tsaya sai da wani mai duba ya bar musu gari, har yau in ya zauna wa'azi da wuya ya tashi bai taɓo bokaye da masu duba ba. To 'yar wannan mutumin ce take rubuto muku wannan abin kunyar.

Da muka shiga SS2 aka ce mai so ya ɗauki Further Maths, wato lissafin da ya ɗara wanda kowa yake yi. Gaskiya ni ba ƙwazo ne ya kai ni ba, ji na yi mazan ajinmu suna cewa wannan ba na mata ba ne, ni kuma Allah ya yi ni da taurin kai, na je na ba da sunana. Mu mata 'yan kaɗan ne muka shiga, kafin zangon farko ya ƙare duk sun zame sun bar ni ni kaɗai kamar mayya. Gwajin farko da aka yi mana, makin da na ci ko a nan da ba a san ni ba ba zan iya faɗa ba, na ninke takardar na tura a safa na yi kuka a hanya har gida. Da aka zo kan kalkulas kuwa sai na ga kamar da wani yare malamin yake magana, ga dy ga dx, ga wata doguwar alama kamar ƙugiyar ciro guga daga rijiya, na ce shi ke nan ni ma guduwa zan yi.

Malaminmu mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Wata rana ya ajiye alli ya ce mu manta da allo, mu ɗauka mai babur ne ya taso daga Gwarzo za shi Kabo, wani wuri ya taka wuta, wani wuri rami ya sa ya lallaɓa. Ya ce lissafin da muka saba iyakarsa ya gaya maka gudun mutumin a dunƙule, shi kuwa kalkulas zai gaya maka gudun da yake yi daidai lokacin da ya gifta gindin wata bishiya. Wallahi ranar ji na yi kamar an buɗe taga a cikin kaina. A ranar ne kuma, da yake shi ma ya yi karatun addini, ya ce mana kar mu ɗauka abin na Turawa ne kaɗai, Larabawa ma suna da sunansa, suna ce masa hisabut tafaduli wat takamuli. Sunan ya yi min daɗi a baki, na yi ta maimaitawa har na haddace.

Daga nan na kama abin ba ji ba gani. Matsalar ita ce kalkulas cin takarda gare shi, tambaya ɗaya sai ta cinye shafi guda, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur ɗin nan littafin rubutu ya zama abin lallaɓawa, ba zan iya buɗe baki kullum in ce wa Kaka a saya min ba. Sai na samo dabara, na ɗebo rairayi na baza a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, da na yi la'asar sai in zauna da tsinke, in ja layi tsaye in ja layi kwance, in yanka gida-gida, in zana lanƙwasa in yi ta lissafi ina magana ni kaɗai, in na gama in shafe da tafin hannu in sake wani. Sai wanda ya fita daidai nake kwafewa a littafi. Da haka da haka, ƙarshen shekara ni na zo ta ɗaya, mazan nan da suka ce ba na mata ba ne yanzu su suke biyo ni in yi musu bayani. An zaɓe ni cikin waɗanda za su je gasa Kano, jarrabawar fita kuma saura 'yan watanni, malaminmu yana ta cewa in na riƙe wuta injiniya zan karanta. Ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda nake son lissafin nan ba.

Yanzu ga inda na ɓata. Kaka mace ce mai tsokana, kuma ba ta ɗauki boko a bakin komai ba duk da ita ta tsaya min, kullum cewa take karatun da ba a fara shi da bisimilla ba ai wahala ce kawai. Akwai ɗan kawuna da yake hadda, in ya zo gaishe ta har kaza take sa a yanka, ni kuwa na kawo mata sakamako na zo ta ɗaya ta ce to madalla, je ki kai niƙa. Abin ya tsaya min a rai. Ran nan ina zaune a kan rairayina ta fito da buta ta ce "Wai ke me kike tono a ƙasa kullum kamar kaza?" Maimakon in ce lissafi ne, sai na gyara zama na ce mata hisabi ne Kaka, na kuma jero mata sunan Larabcin nan gaba ɗaya har da jan murya. Ga waɗanda suka tashi a birni, a wajenmu in aka ce wane yana hisabi, ana nufin malamin da yake haɗa sunaye da lambobi ya faɗi abin da zai faru, ɗan uwan bugun ƙasa ne. Na san haka sarai, ba zan ce ban sani ba. Na ga fuskarta ta canza, ta ajiye butar ta ce a makarantar bokon ake koya muku, na ce eh, kuma ni ce ta ɗaya. Har na ƙara da cewa yana sa ka san inda abu zai kai tun bai kai ba, wanda a lissafi gaskiya ne, amma na san ba haka za ta fahimta ba. Ranar ba a aike ni niƙa ba, kuma tsokar da take cikin miya a kwanona ta sauka.

Na ɗauka abin zai tsaya tsakanina da ita, mu yi dariya ya wuce. Ashe ta je wani suna ta ba da labari, ita kuma Kaka in ta yi magana a unguwarmu ba a tambayar ta hujja. Wadda ta fara zuwa maƙwabciyarmu ce, ɗanta ya tafi Kudu neman kuɗi an daɗe ba a ji daga gare shi ba. Ta zo ta tsuguna a gefen rairayin tana ba ni labari tana hawaye, ni kuma tausayi ya kama ni, hannuna yana kan lissafina na ce mata ki kwantar da hankalinki, in sha Allahu zai kira. Abin da kowa zai faɗa ne fa. Cikin ikon Allah a satin ya kira. Shi ke nan gari ya ɗauka. Mata sa'o'in Ummata suka koma ce min Malama, in na wuce a gyara mayafi a gaishe ni, wata ta zo da maganar ciwo, wata da maganar miji, ni kuma ba na cewa komai sai in sha Allahu da Allah ya kyauta, ina gaya wa kaina ai ban yi wa kowa ƙarya ba. Abin da ya fi ci min rai yanzu shi ne daɗin abin na ji. Sau da yawa na buɗe baki zan ce wa Kaka wasa nake, sai in tuna yadda take kallona yanzu, in mayar da bakina in rufe.

Sai ga wata mata daga ƙauyen Jama'a, an sa wa 'yarta rana, ta zo a haɗa mata sunan yarinyar da na yaron a ga ko taurarinsu sun dace. Suna zaune da Kaka a kan tabarma a bayana, na ji ta faɗi sunaye biyu amma hankalina ba ya wajen, ina fama da wata tambaya da aka ba mu ta gasar nan. Akwai wata irin lanƙwasa a lissafi da take ta matsowa kusa da layi, kullum tana ƙara kusantarsa amma ba ta taɓa shi, ita nake nema tun azahar ta ƙi fita. Da na gano ta, don murna na daki ƙasa na ce da ƙarfi "Kai! Waɗannan ai har abada ba za su haɗu ba, sai dai su yi ta matsowa kusa." Na sa hannu na shafe. Sai na ji matar ta ce innalillahi, ta miƙe tana gode min. A take na gane abin da ya faru. Tana zaure tana neman takalminta, taku kaɗan ne tsakaninmu, da na tashi na ce mata tsaya ba da ke nake ba, da duk wannan bai faru ba. Ban tashi ba. Kunyar in tona kaina a gaban Kaka ta danne ni a wurin, na zauna ina kallon ƙasa har na ji ƙarar ƙyaure.

Ba a yi sati biyu ba aka mayar wa yaron kayansa. Shi kuma ashe ɗan gidan dagaci ne ta wajen uwa, danginsa suka ce sai sun ji dalili, aka bi magana aka bi magana har ta biyo ƙofar gidanmu. Aka kai ƙara wajen mai unguwa cewa akwai yarinya 'yar makaranta da take bugun ƙasa tana raba aure, a garin da ake shari'a, mai unguwa kuma ya aika wa Baba. Baba ya zo ranar Litinin, bai shiga ciki ba saboda Kaka, a zaure ya tsaya ya sa aka kira ni. Da ma ya dake ni da ya fi min sauƙi. Bai ɗaga murya ba, cewa ya yi shi da yake hawa mumbari yana faɗa da masu duba, yau shi ake nunawa a kasuwar Kabo. Na rantse masa lissafin makaranta ne, ya ce wannan ya ji, ya riga ya biya wajen malaminmu, malamin ya yi masa bayani kuma ya yarda zai zo ya yi wa mutane. Ya ce tambayarsa ɗaya ce, kalmar hisabi daga bakina ta fito ko ƙaga min aka yi. Sai na fashe da kuka. Ya ce to in adana amsar, ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna a ƙofar gidan mai unguwa da dangin yarinyar da na yaron. In ƙage ne zai tsaya min har inda ƙarfinsa ya ƙare, in kuma ni na faɗa da bakina, a ranar zan bi shi Gude, babu gasa babu jarrabawa, makaranta ta ƙare.

Bayan ya tafi na shiga na durƙusa na gaya wa Kaka komai, tun daga ranar buta. Jama'a ban taɓa ganin ɓacin ranta irin na ranar ba. Ta ce na mayar da ita maƙaryaciya da furfurarta, ta ce ita da ta tsaya min a gaban ubana ita na zaɓa in yi wa wasa da hankali, ta kira ni 'yar banza mai bakin tsiya, ta ce da ta sani da ta bar ni a Gude ina tallan awara. Ni ma da baƙin halina sai da na ce ai da ta taɓa yaba min ko sau ɗaya da ban yi ba, kun ji fa, ni da laifi ni da tsiwa. Ta yini ba ta kula ni ba, abincin da na kai mata ma ta ture.

Washegari da safe ina shara ta kira ni ɗaki ta ce in rufo ƙofa. Ta tambaye ni wai lissafin nan da gaske na fi mazan iyawa, na ce eh. Ta ce kuma in aka bar ni zan zama injiniyar, na ce in Allah ya yarda. Sai ta ce to ranar Juma'a in ce ni lissafi na ce mata, ita ce kunnenta ya jiye mata hisabi, in ce ta kwana biyu tana rikicewa, tsufa ya fara taɓa ta. Ta ce in aka yarda ta rikice babu mai kama ni da laifi, kuma ubana ba shi da bakin ɗauke ni, don ba a barin tsohuwar da ta rikice ita kaɗai a gida. Na ce wallahi ba zan iya ba Kaka, ta ce da ma shawararki na nema?

Ku fahimci abin da take shirin yarwa. Kaka ita ake kira wankan jariri a unguwarmu, ita ake kira in mace ta rasu, in mata da miji suka saɓa wajenta ake zuwa kafin a je wajen mai unguwa. Ba ta da gona ba ta da shago, wannan girman shi ne abin da ta tara duk rayuwarta. Kuma kun san garuruwanmu, ranar da aka ce tsohuwa ta rikice shi ke nan, ko gaskiya ta faɗa sai a ce Allah sarki, babu mai dawo mata da shi.

Ban yarda ba amma ita ta riga ta fara. A ranar Talatar da hantsi ta fita da zani a bai-bai, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya nawa, ta shiga maƙwabta tana yi musu barka da yamma. Jiya ta tare wata mata a bakin famfo tana tambayar ta ya jikin maigidan, mutumin da ya rasu tun ina firamare, ita da kanta ta zauna da matar kwanakin takaba. Ina jin mata ta katanga suna cewa wayyo, ashe abin da ya sa ke nan, da ma sun ga alama. Wace alama? Matar da har yau ta san ranar haihuwar kowane yaro a layinmu. Ta dawo gida tana dariya ƙasa-ƙasa ta ce min "Ya kika gani, na iya?" Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yau da safe aka haihu a gida na uku da namu. Tun cikin yana wata bakwai uwar mai jegon ta gaya wa Kaka ita za ta yi wanka, Kaka ta tanadi sabulun salonta da sabon soso ta ajiye a kwarya. Da muka ji hayaniya ta ɗauko kwaryar ta sa mayafi ta zauna a bakin gado tana jiran ɗan aike, ina jin ta manta da abin da ta shuka. Har rana ta take babu wanda ya yi sallama. Daga baya muka ji wata suka ɗauko daga wata unguwa, wai kar a wahalar da Kaka, kar kuma ta saki jaririn a ruwa. Ta cire mayafin ta ninke, ta tura kwaryar ƙarƙashin gado ta ce min "To kin gani, sun yarda." Ta yi 'yar dariya, ta ce in ja mata ƙofa za ta ɗan kwanta. Kaka ba ta barcin rana.

Ga ni nan a gindin darbejiya ina rubuto muku, rabona da taɓa lissafi tun ranar Litinin. In na bi maganarta, zan tsaya a gaban ubana da dattawa in yi ƙarya, wataƙila har a ce in rantse, in zauna jarrabawa in zama abin da zan zama, ita kuma ta ƙarasa rayuwarta yara suna bin ta suna dariya a kan abin da ni na yi. In na faɗi gaskiya, karatuna ya tafi, za a ɗauke ni a bar ta ita kaɗai, kuma mutane za su gane rikicewar ma shiri ce, ta zama ta yi asarar girman nata a banza. Ta ce in na kuskura na tona ta ba ta yafe min ba. Auren yarinyar can ina sa ran zai gyaru ko ta wace hanya in malaminmu ya yi bayani, duk da ita ma ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Iyayena da yayyena na wannan zaure, musamman malamai da waɗanda suka tashi a hannun kaka, na san ni na jawo, ba sai kun tuna min ba. Gobe ne Juma'ar. In mai unguwa ya juyo ya kalle ni ya ce yarinya daga bakin wa kalmar nan ta fito, Baba yana dama, Kaka tana hagu da zaninta a bai-bai, don Allah me zan ce?